Rugugin da Waya Ba Ta Ɗauka

Litinin, da hantsi

Bai fito ba.

Na ajiye masa shayi da burodi a bakin ƙofa, na ƙwanƙwasa, na ce Auta ga abin karyawa. Shiru. Ko kuwa ya amsa ne ban ji ba, tunda kunnuwan nan nawa sun daɗe da ajiye aiki. Uwata, babbar 'yata, ita ta ce in riƙa rubuta abin da ƙaninta ya ci da wanda bai ci ba, saboda likita. Na ce ni da ban taɓa zama a aji ba? A jikin katako na koyi baƙaƙe, da fensirin awo, mahaifiyarku tana yi mini dariya. Ta ce Baba rubuta kawai, ba jarrabawa ba ce.

To ga shi na rubuta. Bai ci ba.

Litinin, da yamma

Ƙuda ya faɗa cikin shayin. Na zubar.

Talata, bayan azahar

Tunda takarda ta samu, bari in faɗi abin da na sani, don na ga duniya ta duƙufa wajen faɗin abin da ba ta sani ba.

Ni kafinta ne, amma ba na gado da kujera ba. Akwatin sifika nake yi, manya, irin waɗanda sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga. Duk akwatunan da ke Rami hannuna ne. Rami ɗakin ƙasa ne a ƙarƙashin wani tsohon sito, nan Auta yake kiɗansa tun gemunsa bai fito ba. Dabstef suke ce wa kiɗan. Sunan ya fi ƙarfin bakina, amma kiɗan na san shi kamar yunwar cikina. Tafiya yake yi a hankali, da sarari a tsakani, a can ƙasansa kuma akwai wani rugugi da ba kunne ke jin sa ba. Ƙirji ke ji, da tafin ƙafa, da haƙori.

Lokacin da kunnuwana suka fara mutuwa, tsuntsaye na fara rasawa, sai kukan buta, sai muryar mata. Yanzu sai an yi mini ihu. Amma in Auta ya kunna, na ɗora tafin hannuna a jikin akwati, babu abin da ke wuce ni. Da hannu nake jin ɗana.

Da can masu zuwa Rami ba su da yawa. Su shigo, su tsaya cikin duhu, su rufe ido. Yana iya ɗaukar lokaci mai tsawo yana jera musu kiɗan kamar mai jera bulo, ba wanda ke gaggawa. Na san su duka. Na san mai tarin nan da ke tsayawa kusa da matakala, na san yarinyar da ke cire takalmi don ta ji da ƙafa. Ina suke yanzu, oho.

Bai ci ba.

Laraba, da safe

Ya sha ruwa. Kofin ya dawo babu komai. Na daɗe ina kallon kofin nan kamar wani ya aiko mini da gaisuwa.

Alhamis, da la'asar

Tela ya tsallako daga shagonsa, tabarau a kan hanci, awo a wuya.

Ya ce, "Kurma, kana nan da rai?"

Na ce, "Makaho, wa ya nuna maka hanya?"

Haka muke gaisawa tun muna da baƙin gashi. Ya zauna a kan bencina, ya yi ta juya wayarsa a hannu, na san akwai magana. Can ya matso bakin kunnena ya ce ko na ga abin. Na ce ban gani ba, ba kuma na so. Ya ce gara ka gani da idonka, jikokin mutane duk sun gani. Ya miƙo.

Auta ne a bayan na'urarsa, daren da ya yi kiɗansa na ƙarshe a Rami. Ido a rufe, baki a ɗan buɗe, yana gyaɗa kai a hankali, hawaye a kumatu. Ga ni can a gefe, tsoho da hula, hannu a jikin akwati, ni ma ina gyaɗa kai. Na ce wa Tela me kake ji? Ya ce, "Wallahi ba komai. Tari, sai wani da ke dariya." Na ce sa a kunnenka da kyau. Ya ce Kurma, babu komai a ciki.

Babu komai! Ni da nake wurin? Daren nan ƙasa rawa take yi. Ƙurar silin tana zubowa a kafaɗata. Sabon kiɗan ne, wanda ya fara haɗawa bayan rasuwar mahaifiyarsa, farkonsa duk rugugi ne zalla, ba ganga ba komai. Waya ba ta da cikin da za ta ɗauki wannan. Ɗan ramin da take magana da shi ko ƙwayar gero ba za ta shige ba. Sai ta ɗauki hoton ta bar kiɗan, aka samu mutum biyu suna gyaɗa kai ga shiru kamar ƙadangaru.

Tela ya karanta mini abin da aka rubuta a sama. Makaɗin kurame. Ya ce wasu sun ɗora kukan akuya a kai, wasu minshari. Ya ce masu kallon sun fi mutanen garin nan yawa.

Na ce masu magana sun ce gani ya kori ji. Ya ce haka ne. Na ce to ga shi ya kore shi, sai su zuba ruwa a ƙasa su sha.

Ya ce in yi haƙuri. Na ce ya tashi mini daga benci.

Juma'a, da safe

Bai ci ba.

Juma'a, da yamma

Na fita sayen sukari. Yara biyu a bakin famfo, suna ganina suka rufe ido suka fara gyaɗa kai, ɗaya ya dafa bango da hannu. Uwarsu tana tsaye. Dariya ta rufe da mayafi.

Na dawo ban sayo ba.

Lahadi, da hantsi

Jiya na tsaya a ƙofarsa ina ba shi labari, ko yana ji ko ba ya ji. Na tuna masa ranar da ya fara haɗa mini igiyar sifika, kansa bai kai tebur ba. Igiya biyu ce a bayan kowane akwati, ja da baƙa. Ja ga ja, baƙa ga baƙa. In ka juya ta akwati ɗaya, wannan yana turo iska wancan yana janyewa, sai su cinye juna. Ƙara tana nan, amma rugugin ya tafi, kiɗa ya zama kamar miya ba gishiri. Mutane da yawa ba sa ganewa. Shi kuwa tun yana yaro, ko yana bayan gida aka juya, sai ka ji ya ƙwalo, Baba ja da baƙa! Mahaifiyarsa ta ce wannan yaro da kunne aka haife shi, sauran jikin daga baya ya biyo.

Na faɗa masa duk wannan. Na dafa ƙofar. Katako ne mai kyau, ni na yi ta. Ko motsin gado ban ji a jikinta ba.

Litinin, bayan azahar

Tartsatsi ya zo. Abokin Auta ne, tare suka fara a Rami, a gidan nan ya sha cin abinci. Yanzu shi ne mai tashe. Nasa kiɗan duk ƙara ce ta sama, kamar zarto ya haɗu da ƙusa. Ni ko ɗigo ba na ji, hannuna ma ba ya samun komai.

Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce Baba ya jikin mutumin? Na ce yana inda kuka ajiye shi.

Ya yi ta bayani da ƙarfi don in ji. Wai mutanen yanzu a waya suka san kiɗan nan, ba a Rami ba. Wai ɗan guntun bidiyo ne, kafin ka haɗiye yawu ya ƙare, in ba ka buga musu guduma tun farko ba yatsa ya ture ka ya wuce. Wai shi ma ba son ransa ba ne, duk abin da zai haɗa sai ya fara saurara a waya, abin da waya ta ƙi ya yar. In sun zo Rami kuma wurin da suka sani kawai suke jira, su ɗaga wayoyi, su yi ihu, su ɗauka, su fita shan iska.

Ya ce, "Baba, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya."

Na ce, "Kiɗan ne ya sauya, ko kunnen aka yanke ya dawo daidai da ramin waya?"

Ya yi dariyar yaƙe. Ya ce ya sha gaya wa Auta ya yanko wurin da ya fi zafi ya ɗora, ya ƙi.

Na ce masa na ga bidiyon. Na ce daga bayan na'ura aka ɗauka, ta hagu. Na ce na san Rami kamar tafin hannuna, wurin nan ba ya ɗaukar mutum biyu, kuma shi ne tsaye a wurin daren nan.

Ya kalli ƙofar Auta, ya kalli takalminsa. Da zai tafi ya ce in akwai abin da zai iya yi. Na ce akwai ƙofa, ja mini ita.

Talata, da safe

Rabin burodi. Alhamdu lillahi.

Laraba

Ba zan rubuta yau ba.

Alhamis, da yamma

Likita ya zo jiya, ya sake zuwa yau. Sai da aka cire ƙofar Auta daga maratayinta saboda abin da ya so ya yi wa kansa, ni na cire. Na mayar da ita yau da safe don Auta ya ce a mayar. Da ido ya ce. Na cire sakatar ciki.

Uwata ta dawo gidan da jakarta, ta bar mijinta da yara. Ta kwashe magungunana daga kan taga ta kulle a akwatinta, ita za ta riƙa ba ni. Ta shiga shago ta tattara kurfi da zarto da wuƙar yankan igiya ta kai wa Tela ajiya. Ban tambaye ta dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ta wanke zanen gadon sau biyu ta shanya a bayan gida inda ba a gani.

Na gan shi dai. Ya rame. Gemun ya cika masa fuska. Ya kalle ni kamar ana kallon bango.

Juma'a, da hantsi

Kunne ya girmi kaka, haka muka taso muna ji. Ƙarya ce yanzu. Kunne ya zama almajirin ido, ido kuma bawan yatsa.

Bai ci ba. Uwata ta ba shi ruwa da cokali.

Asabar, bayan la'asar

Mai sito ya aiko a kira ni. Na je Rami da rana, rabona da shi tun daren nan. Sun fasa bango ɗaya sun kafa wani ƙaton allo mai walƙiya, sun jera fitilu. Ya ce duhu ba ya kyau a bidiyo. Ya ce akwatunana sun cinye wuri, kuma in an kunna su hoton waya rawa yake yi, masu ɗauka suna ƙorafi. Ya sayo wasu ƙanana na roba, an rataye a sama kamar jemagu.

Ya ce, "Baba Kafinta, ba raini ba ne, zamani ne."

Na ce zamani ba ya aiko mutum, mutum ke aiko mutum.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina shafawa. Na san kowanne. Ga wanda na yi da katakon tsohuwar kwabar mahaifiyarsu, har yanzu in ka sa hanci a ramin akwai ƙanshin turarenta, ko kuwa ni ne nake jin abina. Ga mai tabon wuta. Ga wanda Auta ya rubuta sunansa a ciki da ƙusa, yana tsammanin ban gani ba.

Ya ce in kwashe kafin sati, in ba haka ba masu gidan burodi suna son katakon. Gidana ba zai ɗauki fiye da biyu ba. Na zaɓi na kwaba da mai sunan. Sauran ban waiwaye su ba.

Lahadi

Sauran akwatunan wuta za su ci. Katakon da na busar da hannuna a inuwa.

Litinin, da yamma

Tartsatsi ne ya kawo akwatunan nan biyu a motar kaya, ban kira shi ba. Shi da direba suka shigo da su tsakar gida suna nishi, muka jingina su da bangon ɗakin Auta, ɗaya dama da ƙofa ɗaya hagu. Ya kawo amfilifaya mai ƙara wa kiɗa ƙarfi da wata 'yar na'ura, ya ce kiɗan daren nan yana ciki, cikakke, ga maɓallin da zan danna. Ya so ya haɗa igiyoyin, na buge masa hannu.

Uwata ta ce, "Baba, kana ganin wannan dabara ce? Abin da ya kwantar da shi za ka kunna masa?"

Na ce ba kiɗan ne ya kwantar da shi ba. Cewa aka yi babu kiɗan.

Ta ce likita ya ce a bar shi ya huta. Na ce likita yana wurin daren nan?

Talata, da hantsi

Na kunna.

Cokali ya fara rawa a cikin kofi. Ruwan randa ya yi zobe-zobe. Kyanwar maƙwabta ta tsallake katanga. Na ɗora hannu, ga shi nan, duk yana nan, yana tasowa daga ƙasa a hankali kamar hadarin da bai yanke shawara ba. Wurin da yake sauka can ƙasa ya daɗe, nan ne mahaifiyarsa take. Ban san yadda ya sa ta a ciki ba, amma tana nan.

Uwata ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya. Ba ta taɓa zuwa Rami ba. Ta dafa ƙirji ta ce, "Baba, wannan ne?" Na ce wannan ne shirun.

Tela ya leƙo ta kan katanga yana ihu wai alluransa suna zubowa daga tebur, Kurma za ka rushe mana unguwa. Na ce Makaho, ɗauko wayarka ka ɗauka mana. Ya sauka.

Ƙofar ba ta motsa ba.

Laraba, da hantsi

Na kunna. Ba komai.

Alhamis

Na kunna. Bai ci ba.

Juma'a, da yamma

Wataƙila Uwata ce da gaskiya. Wataƙila ni ne nake son ji, na fake da shi. Tsoho da akwati biyu a tsakar gida yana girgiza wa maƙwabta kwanuka. In wani ya ɗauke ni a waya yanzu me za a gani? Abin da aka gani da farko.

Na ce wa Allah in ran mutum ɗaya ake nema a gidan nan, ga nawa, an riga an ci moriyarsa.

Asabar, da hantsi

Da safe na zare igiyoyin na goge su, ƙura ta hau. Na mayar. Idona ba kamar da ba ne, ja da baƙa duk sun fara zama ɗaya a wurina. Haka zan ce in an tambaye ni.

Na kunna. Cokalin bai motsa ba. Na ɗora hannu, kamar na dafa gawa.

Uwata ta ce Baba yau kiɗan ba shi da ƙarfi, ko wani abu ya ƙone? Na ce ban ji wani bambanci ba. Na ƙara murya. Na bar shi ya kai ƙarshe, na sake daga farko. Na jawo kujera na jingina bayana da ƙofarsa.

A zagaye na uku Uwata ta saki kwano. Na ga bakinta yana motsi, ta zo ta kama kafaɗata tana kuka tana dariya.

"Ya yi magana! Baba ya yi magana!"

"Me ya ce?"

"Ya ce, Baba ja da baƙa."

Na ce ban ji ba. Na juya na ce wa ƙofar, me ka ce? Sai na ji shi a ƙashin bayana, ta cikin katakon, muryar da rabona da ita tun daren nan. A shaƙe take, amma tasa ce. Ihu ya yi, da haushi, irin na da.

Na ce, "Auta, ka san ubanka kurma ne. Fito ka faɗa mini a kunne."

Shiru.

Uwata ta ce don Allah Baba gyara masa, kada ka ɓata abin da aka samu. Na ce ni ban ga abin da ya lalace ba. Na karɓo sukudireba ɗaya daga wurin Tela na ɗora a kan akwatin kwaba. Ta kalli sukudireban, ta kalle ni, fuskarta ta sauya. Ta ce Baba ka manta Laraba? Na ce ban manta ba, ba kuma zan manta ba har a binne ni. Ɗan kafinta ne. In ba zan iya barin sukudireba kusa da shi ba, to na riga na rasa shi, zaman me muke yi?

Ba ta yi mini magana ba har yamma.

Lahadi, da hantsi

Na kunna a haka. Bai ce komai ba. Bai ci ba. Sukudireba yana inda yake.

Litinin, da safe

Uwata ta leƙa gidanta duba yara, ni na fita sayen burodi. Layi ya yi tsawo. Hayaƙin gidan burodin yana tashi, ban so in san da wane katako ba.

Da na dawo ƙofar a rufe take kamar kullum. Shayin da na ajiye yana nan, ya yi fata a sama. Sukudireba yana kan akwati, amma ba yadda na bar shi ba. An juyo da mariƙin wajen mai ɗauka, bakin yana kallon bango, yadda na koya wa mutum ɗaya a duniya.

Ban leƙa bayan akwatin ba. Na danna maɓalli na ɗora hannu.

Cokali ya fara rawa.

Na zauna a ƙasa, burodin a cinyata, har kiɗan ya ƙare. Na kira sunansa. Bai amsa ba. Ashe ɗazu ya fito, ya taka tsakar gidan nan da ƙafarsa, ya durƙusa, ya yi aiki mai kyau, ya ɗaure tam. Sai da ya tabbata ba na nan.

Bai ci ba. Wannan na likita ne.

Na ɗauki sukudireba na sake juya igiyoyin. Gobe Tela ya sayo mana burodin, ni ba inda zan je.